Sau Goma a Rana: Sharhi a kan Maganin Raina Kai na Peale, Yadda Yake Karantuwa a Ƙasar Gobir

Kusan kowace shekara, in na zaga ɗakunan kwanan ɗalibai, ba na rasa ganin wani littafi a kan gado ko a bakin akwati, bangonsa ya yage, an bi jimlolinsa da jan biro. Sunansa da Turanci The Power of Positive Thinking, wato ƙarfin da ke cikin kyakkyawan tunani. Norman Vincent Peale ne ya rubuta shi, faston wata babbar majami'a a birnin New York mai suna Marble Collegiate, inda ya yi hidima daga 1932 zuwa 1984. Littafin ya fito a 1952, an sayar da miliyoyinsa, har yau kuma ana samunsa a shagunan littattafai da kan teburan bakin titi a garuruwanmu. Da yawa daga cikin masu wa'azinmu ba su taɓa buɗe shi ba, amma suna wa'azinsa ba su sani ba. Ya biyo ta bakin masu wa'azin talabijin, ya biyo ta babban taron matasa, har ya iso ƙaramar majami'ar kwano a ƙauye.

Babin farko kaɗai zan taɓa, gama shi ne yake magana a kan ciwon da ya dame mu, wato raina kai: saurayi ko budurwa su riƙa ganin kansu ba kowa ba ne, ko'ina suka shiga su nemi bencin baya, ko an tambaye su abin da suka sani sai bakinsu ya mutu. Zan kuma karanta babin ina tsaye a wuri ɗaya, wato Sabon Birni da Isa, ƙasar Gobir da ke kusa da iyakar Nijar a Jihar Sakkwato. Wasunku can za a tura su aiki. Waɗanda ba za su je ba kuwa, matasan can za su iske su a Sakkwato, ko Gusau, ko Kano, ko Jos, gama gudun tsira ya watsa su ko'ina. Ingancin magani ba a kantin mai sayarwa ake gane shi ba, sai a jikin mara lafiya.

Ga abin da babin ya ƙunsa a taƙaice. Peale ya ba da labarin wani mutum mai kimanin shekara arba'in da ya tare shi bayan ya gama lacca, ya ce gobe yana da wani babban ciniki, amma ba ya jin zai iya, domin bai taɓa yarda da kansa ba. Peale ya ɗauki ɗan kati ya rubuta masa Filibiyawa 4:13, ya ce ya yi ta maimaitawa kafin ya kwanta, da safe, da kuma a hanyarsa ta zuwa wurin cinikin. Labarin ya ƙare da nasara. A ƙarshen babin ya jera dokoki goma. Daga ciki akwai cewa mutum ya kafa hoton kansa yana cin nasara a zuciyarsa, kada ya bari hoton ya dushe. Kada ya gina wa kansa cikas a tunani. Ya faɗi Romawa 8:31 sau goma a rana, Filibiyawa 4:13 ita ma sau goma. Ya nemi ƙwararren mai ba da shawara ya taimake shi gano tushen ciwon tun daga yarinta. Ya kuma auna iyawarsa da gaskiya, sa'an nan ya ƙara kashi goma cikin ɗari a kai.

Kafin in soki mutumin, bari in ba shi hakkinsa. Ya ga ciwo inda fastoci da yawa na zamaninsa, da namu, suke ganin tawali'u. Bai ce wa mai raina kansa ya je ya ƙara azumi ba. Ya kuma yi aiki kafaɗa da kafaɗa da wani likitan ƙwaƙwalwa, Smiley Blanton, a ƙarƙashin majami'arsa, a lokacin da yawancin masu bi suke kallon irin wannan likita da shakka. Wannan ya kamata mu koya. Akwai matashin da ya ga an yanka wani a gabansa, ya daina barci, ya daina magana, abin da yake bukata bayan addu'a shi ne a kama hannunsa a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ba a ƙara masa ayar haddacewa ba. Haddar Maganar Allah kuma ba abin zargi ba ce. Ni kaina ayoyin da na haddace a makarantar Lahadi su ne suka riƙe ni a wasu darare. Matsalata da babin tana wani wuri dabam.

Inda Peale ya ajiye ciwon

A wurin Peale, ciwon yana cikin kan mutum, maganin ma a can yake. Duniyar waje tana nan daidai; kai ne kake ganinta a karkace. Wataƙila haka abin yake ga ɗan kasuwan New York na 1952, mai gida, mai mota, wanda abin tsoronsa shi ne kada ciniki ya ɓaci. To, mu ɗauki wannan awo mu kai shi Gobir.

Duk wanda ya san Gobirawa ya san ba da raina kai aka san su ba. Mutane ne masu ji da kansu, masu tsage a fuska da ba sa ɓoyewa, jikokin Bawa Jan Gwarzo, waɗanda birninsu Alƙalawa ya faɗi a 1808 amma ba su yarda an gama da su ba, suka sake kafa sarauta a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe ya kafa Sabon Birni. Idan ka ga ɗan wannan ƙasa ya sunkuyar da kai ya kasa ɗagowa, ka tambayi abin da ya danne shi, kada ka fara da cewa tunaninsa ne ya lalace.

Abin da ya danne shi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun wajen 2019 mutanen yankin suke tsallaka iyaka zuwa Gidan Rumji da kewayenta a Jihar Maraɗi. A watan Mayu 2020 an kashe mutane da dama a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumba 2021 gwamnati ta katse layin waya a ƙananan hukumomi da yawa na jihar, har da waɗannan biyu. A Disamba na shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. Ƙauyuka sun riƙa tara kuɗi suna kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi noma, su sake tarawa kafin a bar su su girbe. Sunan Bello Turji ya zama abin da yara suka sani kafin su san sunan gwamna. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙo, daga baya aka kashe shi. Saurayin da ya ga an yi wa sarkinsa haka, me zai ɗauki kansa, shi ɗan talaka? Mu kuma faɗi gaskiya, mafi yawan waɗanda wannan masifa ta ci Musulmi ne, gama su ne mutanen ƙasar kusan duka. Zubewar martabar nan ta shafi kowa. Yaron da ya kamata ya gama sakandare yana tura baro a kasuwar wani gari, ana kiransa ɗan gudun hijira.

Matashi Kirista yana ɗauke da wannan kaya, da wani kuma a kansa. Masu bi a Sabon Birni da Isa 'yan kaɗan ne. Ya tashi yana jin kalmar arne da kalmar kafiri tun bai san ma'anarsu ba. Ya ji kukan da Kiristan arewa suka daɗe suna yi a kan takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da filin gina majami'a. Ya kuma san abin da ya faru ranar 12 ga Mayu 2022, da aka kashe Deborah Samuel Yakubu, ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, bisa zargin ɓatanci. Tun daga ranar, ɗalibi Kirista a jihar yana auna kowace kalma sau uku kafin ta fita. Yanzu ku sake duba dokar nan ta Peale mai cewa kada mutum ya gina wa kansa cikas a tunani. Fasto da ya tsaya a gaban waɗannan matasa ya ce musu tsoronsu na zuci ne kawai, su buɗe baki su yi magana da ƙarfin hali ko'ina, ya yi musu ƙarya, yana kuma iya jefa su cikin haɗari. Wani shirun hikima ne. Aikin makiyayi ne ya rarrabe shirun hikima da shirun karaya, littafin kuwa ba shi da ma'aunin da zai taimake shi.

Haka nan bai san kunya ba. Yaron da ya durƙusa ya gai da dattijo, bai kalle shi cikin ido ba, ba mara lafiya ba ne, mai tarbiyya ne. Na taɓa zama a wani taron matasa inda baƙon mai wa'azi ya sa kowa ya miƙe ya buga ƙirji ya ce shi babban mutum ne. Yaran birni suka yi da shewa. Na ƙauye suka yi ta kallon ƙasa, mai wa'azin ya ce wannan alama ce ta ruhun ƙasƙanci, ya shiga tsauta masa. Ba ruhu ba ne. Iyayensu sun koya musu cewa yabon kai jahilci ne, iyayen kuma sun fi mai wa'azin kusa da Littafi Mai Tsarki a wannan batu. Romawa 12:3 ta gargaɗe mu kada kowa ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, ya auna kansa da natsuwa. Peale ya ce a auna da gaskiya a ƙara kashi goma. Wannan ƙarin goman a kasuwa sunansa algus, ban ga dalilin da zai sa ya zama halal a zuciya ba.

Ayoyin da aka tsinke daga reshensu

Babban laifin babin, a ganina, shi ne abin da ya yi da ayoyi biyun nan. Ya mai da su kamar laya. Ƙarfinsu ya koma ga yawan maimaitawa, sau goma, da ƙarfi, da murya. Mu da muka fito daga ƙasar da ake rubutu a allo a wanke a sha, ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan hanya in ta shigo da rigar Turanci.

Ku buɗe Filibiyawa 4, ku fara daga aya 10. Bulus yana kurkuku. Abin da yake cewa ya iya ta wurin Almasihu shi ne zama da yunwa da ƙoshi, da rashi da yalwa, da ƙasƙanci da ɗaukaka, ba tare da ɗayansu ya karya shi ba. Ayar ba alkawarin cin ciniki ba ce. Magana ce ta wanda aka ƙwace wa kome ya ga Almasihu ya ishe shi. Abin mamaki, in an bar ta a reshenta, ta fi dacewa da ɗan gudun hijirar Isa fiye da ɗan kasuwan New York. Ku kuma lura da abin da ya biyo baya nan da nan, aya 14 zuwa 18. Bulus yana gode wa ikkilisiyar Filibi domin gudummawar da suka aiko masa ta hannun Abafaroditas. Wato ayar tana zaune a tsakiyar takardar godiya saboda taimako na zahiri, wanda mutum ya ɗauko da ƙafarsa ya kawo. Ikkilisiyar da take ba matashi aya 13 a kati, ba ta kuwa yi masa aya 14 ba, ta ba shi rabin sura ne. Romawa 8:31 ma haka take. Ku ci gaba zuwa aya 35 da 36, za ku tarar da tsanani, da yunwa, da tsiraici, da takobi. Bulus bai ce ba za su zo ba. Ya ce ba za su raba mu da ƙaunar Almasihu ba.

Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Na taɓa koyar da wani saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Isa. Gudu ya cinye masa shekarun karatu, ya zo mana ya girme wa yawancin 'yan ajinsa, Turancinsa kuwa kaɗan. In ya buɗe baki da Hausa, sai aji ya ɗauki dariya, domin shi wanga yake cewa, da mi, da yaz zo. Cikin wata biyu ya daina ɗaga hannu. Wata rana na kira shi ofis. Ya zaro wani kati daga aljihu, wani mai wa'azi ne ya raba musu a taro, ya ce, “Baba, katin ga na karanta shi har ya yage. In na hita waje, ni ɗin nan ne dai. Ko dai bangaskiyata ce ba ta kai ba?” Kun ga inda maganin ya kai shi. Da ya zo da ciwo ɗaya, yanzu ya zama biyu: ba shi da daraja, ba shi kuma da bangaskiya. Duk koyarwar da ta ɗora kome a kan ƙarfin tunanin mutum, in ta gaza, mutumin take bari da laifin. Ban kuma fita da tsabta daga labarin ba. Da na tambaye shi yaushe ya daina magana, ya yi shiru, can ya ce tun ranar da na gyara masa Hausa a gaban aji. Na manta ma na yi. Hausar Kano na ɗauka ita ce Hausa, alhali tasa ba ta da wani aibu, tsohuwa ce ma mai asali.

Idan ana neman labarin da ya yi kama da Gobir ta yau, yana cikin Littafin Mahukunta sura 6. Shekara bakwai Madayanawa suna zuwa bayan an yi shuka, su lalatar da amfanin gona, su kwashe tumaki da shanu da jakuna, mutane suna ɓuya a kogwanni. Gidiyon yana sussukar alkama a ɓoye a wurin matsewar inabi. (A nan sai in ja kunnenku: kada wani ya hau mumbari ya mai da Madayanawa sunan wata ƙabila ta yau. Fulani da yawa an kashe su, an kwashe musu shanu, a wannan rikici.) Gidiyon ya ce gidansu ne mafi rauni a Manassa, shi ne kuma ƙarami a gidan. Ubangiji bai yi masa gardama a kan lissafin ba, bai kuma ce ya ƙara kashi goma ba. Amsar da ya ba shi ita ce zai kasance tare da shi. Gidiyon bai daina jin tsoro ba: da dare ya rushe bagaden Ba'al, sau biyu ya roƙi alama da ulu, sai da aka tura shi da baransa Fura ya ji mafarkin abokin gaba kafin zuciyarsa ta tsaya. Allah kuwa rage masa mutane ya yi, daga 32,000 zuwa 300, domin kada Isra'ila ta yi taƙama da hannunta. Masu wa'azi sukan tsaya a sura 7. Ku karanta sura 8. Da Gidiyon ya sami nasara ya yarda da kansa, ya tara zinariya ya ƙera falmaran wadda ta zama tarko gare shi da gidansa, ya kuma sa wa ɗansa suna Abimelek, wato ubana sarki ne. Gidiyon mai rawar jiki ya fi Gidiyon mai ji da kai amfani ga jama'arsa.

Abin da bishara take yi wa mai raina kansa ba ƙara masa maki ba ne. Karɓe alƙalamin take yi daga hannunsa. A 1 Korantiyawa 4:3-4 Bulus ya ce hukuncin mutane a kansa ƙaramin abu ne, shi kansa ma ba ya yanke wa kansa hukunci, Ubangiji ne alƙalinsa. Wannan ita ce koyarwar baratarwa da kuka yi a aji, a nan take sauka ƙasa. An riga an yanke hukunci a kan saurayin nan a gicciye, ba a nemi ra'ayin maƙwabci ba, ba a kuma nemi nasa ba. Ran da ya tashi da ƙarfin zuciya, hukuncin yana nan. Ran da ya tashi ba ya iya kallon madubi, yana nan.

Namu maganin na gida

Kada mu ɗora wa Ba'amurke kome. Mu ma mun ƙirƙiro namu katin. Sau da yawa na ji ana gaya wa matasa cewa Gobirawa asalinsu Kibɗawan Masar ne, Kibɗawa kuwa Kirista ne, saboda haka mu ne masu ƙasa na fari, kada kowa ya raina mu. Gaskiya ne akwai wannan labarin asali, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace shi a Infaƙul Maisuri. Amma labarin asali ba shaidar cewa an yi ikkilisiya a Alƙalawa ba ne. Kuma a inda Bello ya kawo shi, ana amfani da shi ne a ce Gobirawa 'ya'ya ne, sauran Hausawa kuwa jikokin bawa. Wato tsani ne na fifiko. Wanda ya hau shi, a kan wuyan Bakatsine da Bakano ya taka. Kayan aro ba ya rufe katara. A wasiƙar nan dai ta Filibiyawa, sura 3, Bulus ya jera asalinsa, wanda ba na aro ba ne, ya ce ya ɗauke shi hasara saboda Almasihu.

Tarihinmu na gaskiya ya fi wannan tawali'u, ya kuma fi shi warkarwa. Bishara ta zauna a wannan shiyya ta ƙananan ƙofofi: tashar SIM a Tsibiri tun kafin yaƙin duniya na biyu, da aikin kutare a Amanawa kusa da Sakkwato daga ƙarshen shekarun 1930. Da yawa daga masu bi na fari a cikin Hausawa ta asibitin kutare suka shigo, mutanen da danginsu suka ware musu ƙwarya. Wasunmu suna jin kunyar wannan, shi ya sa suke neman kakanni a Masar. Bulus bai ji kunyar irinsa ba. A 1 Korantiyawa 1:26-29 ya tuna wa ikkilisiya cewa ba masu hikima ko masu asali da yawa aka kira a cikinsu ba, Allah da gangan ya zaɓi abin da duniya ta raina. Matashin da ya san kakarsa ta koyi karatu da yatsun da suka gutsure, ta koya wa wasu, yana da abin tsayawa a kai wanda ba mai tarihi da zai ture.

Abin da babin ya bari a waje

A cikin dokoki goman nan, ikkilisiya ba ta da aiki. Mutum ne shi kaɗai da katinsa da Allahnsa. Ko Alfred Adler, likitan ƙasar Ostiriya wanda daga wurinsa wannan magana ta jin ƙasƙanci ta yaɗu a duniya, bai tsaya nan ba. Shi a ganinsa kowane ɗan Adam yana farawa da jin bai isa ba, abin da ke warkar da shi kuwa shi ne ya ji yana cikin jama'a kuma yana da amfani gare su. Likitan ya fi faston kusa da 1 Korantiyawa 12.

Ku dubi yadda Bulus ya bi da Timoti. Kowa ya san 1 Timoti 4:12, inda ya ce masa kada ya bari a raina ƙuruciyarsa. Ita ce ayar kowane taron matasa. Kaɗan ne suke karanta 1 Korantiyawa 16:10-11, inda ya juya ga ikkilisiya ya umarce ta: in Timoti ya zo, su tabbata ya zauna a cikinsu ba tsoro, kada wani ya raina shi. Nauyin bai bar shi a kan yaron kaɗai ba. Haka a Ayyukan Manzanni 6, da masu jin Helenanci suka yi gunaguni ana ƙyale gwaurayensu wajen rabo, manzanni ba su ce su gyara tunaninsu ba. An zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su.

To, mu duba gida. A garuruwa irin su Sabon Birni da Isa, yawancin masu cika majami'a baƙi ne: 'yan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, sojoji, 'yan bautar ƙasa. Allah ya sa musu albarka, su suke riƙe da fitilar a wuri mai wuya. Amma a irin wannan taro, saurayin da Hausa kaɗai yake ji yakan zama mai shara, mai jera benci, mai kaɗa ganga. Da wuya a ba shi littafin kuɗi, ko karatun Lahadi, ko kujera a kwamiti. In an yi sanarwa mai muhimmanci da Turanci ake yi, a taƙaita masa daga baya. Waje ana ce masa arne, ciki ana kallonsa kamar wanda bai gama zama Kirista ba, wani ma yakan yi masa kallon ɗan leƙen asiri saboda tsagensa da harshensa. Sa'an nan shekara ta zagayo mu kira baƙo ya zo ya yi masa wa'azin kai da wutsiya daga Maimaitawar Shari'a 28. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron ya san wanda ya ajiye shi a wutsiya, ba kuwa Shaiɗan kaɗai ba ne.

Na 'yan mata ya fi nauyi, babin kuma ko kusa bai hango shi ba. Yarinyar da aka sace aka biya kuɗi ta dawo, ba tunaninta ne yake raina ta ba, raɗar unguwa ce, da saurayin da ya janye, da matan da suka daina aikenta. Ba katin da zai yi mata abin da shugabar Zumuntar Mata za ta yi in ta kama hannunta ranar Lahadi ta zaunar da ita kusa da ita a gaba, ta kuma ci abinci da ita a kwano ɗaya inda kowa zai gani. Fasto kuma ya faɗa daga mumbari, ba tare da kiran suna ba, cewa abin da aka yi wa mutum da ƙarfi ba zunubinsa ba ne. In bai faɗa ba, raɗa ce za ta yi tauhidin ikkilisiyar.

Saurayin nan na ƙasar Isa, na roƙe shi gafara a gaban ajin da na kunyata shi. Na sa shi karatun safe a ɗakin sujada, na ce in ya gama ya bayyana ayar da harshen gidansu, kada ya sake ko kalma ɗaya. Hannunsa na rawa, wasu kuma ba su fasa murmushi ba. Ba zan ce muku ya warke a ranar ba; har ya bar makaranta, in baƙo ya shigo da Turanci, yakan ja da baya. Amma 'yan ajinsa sun gano shi ne kaɗai a cikinsu da ya san yadda ake zama da wanda aka kashe wa ɗa, ya san lokacin magana da lokacin shiru, suka riƙa ɗaukarsa in za su gaisuwar rasuwa.

Ban ce ku ƙone littafin Peale ba. Ku karanta babin, ku karanta Filibiyawa 4:10-20 gaba ɗaya a gefensa. Kafin mu haɗu a zango mai zuwa kuma, kowa ya rubuto mini ayyukan da ke cikin ikkilisiyarsa, daga mai riƙe makulli har zuwa ma'aji, da shekarun wanda yake riƙe da kowanne, da harshen da ya tashi da shi a gida.